Ranar da Na Yi Gadin Kwalbar Baba

Aikina na farko bayan na gama makarantar jinya shi ne auna kunzugun jarirai. A ɗora busasshe a sikeli, a ɗaura wa yaro, a cire jiƙaƙƙe a sake ɗorawa, bambancin da ya fito shi ne fitsarinsa. 'Yan ajinmu suna toshe hanci suna cewa ba don wannan suka yi shekara huɗu suna karatu ba. Ni kuwa aikin ya yi min daidai, domin sikeli ba ya jin kunyar kowa. Yaro mai kilo goma, in bai fitar da ko mililita goma a awa ba, nakan kira likita tun uwarsa ba ta fara kuka ba. Babban mutum kuma daga mililita ɗari takwas zuwa lita biyu a yini da kwana. In ya faɗo ƙasa da ɗari huɗu, ƙoda ta fara rufe ƙofa. Na fi sanin waɗannan lambobi fiye da ranakun bukukuwan coci.

Ƙauyenmu a bakin kogin Kolubara yake, kuma gidanmu na cikin gidajen da ciwon ƙoda ke bi. Ba ma kiran sunan ciwon. Sai dai a ce wane ya fara yin kalar tagulla, kowa ya gyaɗa kai. Kakana haka ya tafi, a gadonsa. Radoje, yayan Baba, shi ma ya yi kalar, amma shi an kai shi asibitin gari a makare, ya dawo a akwati bayan kwana tara. Tun daga nan gidanmu ya yanke hukunci cewa na'urar wankin ƙoda ce ta kashe shi.

Shekarar da aka ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi ce. Babu man fetur, bas sai ya ga dama, asibiti kuma ba shi da isasshen sinadarin gwajin jini. Likita Persida, mai kula da masu ciwon ƙoda, ta kafa doka: kowa ya fara kawo fitsarinsa na yini da kwana a kwalba. Wanda kwalbarsa ta nuna matsala, shi ake ɗibar jininsa, shi ne kuma ake nema wa kujera a ɗakin na'ura. Da na ga tafin hannun Baba ya fara rawaya a bazara, ni na sa aka rubuta sunansa, Miladin. Sau biyu Mama ta kawo kwalbar da kanta, ta lita uku, irin wadda muke jiƙa kokwamba, an naɗe ta a tawul mai ado. Sau biyu kuma sakamako ya fito tas. Lita ɗaya da ɗari shida, sannan ɗaya da ɗari bakwai, ba wani abin zargi a ciki.

Likita Persida ta tare ni a baranda tana dariya. "Biserka, babanki ne zai binne mu duka. Ki ce ya dawo bayan wata shida."

Na yarda, don lamba ce ta faɗa.

A ƙarshen Satumba na karɓi hutun mako na tafi gida gasa tattasai, kamar kowace 'ya mai hankali. Na isa ran Lahadi da yamma. Baba ya taso daga benci zai rungume ni, na ji warin numfashinsa, wari ne da na sani daga ɗakin na'ura. Ya rame a fuska, ya kumbura a idon sawu. Duk hannayensa sawun farce ne. A tebur ya tura farantin wake gefe, ya ce ya ci a gona.

Ran Litinin ban ce komai ba, sai ƙirge. An jera murhun ƙarfe biyu a tsakar gida, buhunan jan tattasai sun kai ƙugu, kwalabe wankakku sun cika teburin waje suna jiran ayvar, markaɗen gasasshen tattasai da muke ajiyewa don hunturu. Ina ɓare bawon tattasai, idona na kan hanyar makewayi. Daga wayewar gari har faɗuwar rana sau biyu Baba ya bi ta, kuma duk biyun bai kai tsawon kunna taba ba ya fito. Mutumin da ke cika rabin kwalbar lita uku ba haka yake zuwa makewayi ba.

Da yamma na ce, "Gobe za mu sake tara wa likita."

Mama, Dobrila, ba ta ɗago daga tukunya ba. "An ce wata shida."

"Ni na ce gobe."

"To, likita ta biyu ta yi magana," in ji ta. Sai ta ƙara, "Bari in leƙa gidan Kum, in ce ya zo da safe ya taya mu faskare."

Kum Stanimir shi ya tsaya wa Baba shaida ranar aure, shi kuma ya riƙe ni a coci ranar da aka sa min suna. A wurinmu irin wannan mutum Kum ake ce masa, shi ma Kum yake kiran Baba. Ɗan'uwa na iya ce maka a'a, Kum ba ya iyawa. Ya iso da sassafe, ƙaton mutum mai jan wuya, ya sumbace ni sau uku a kumatu. Mama ta kawo masa kofi da ɗan kofin barasar gida kamar kullum. Ya ture barasar.

"Ruwa za ki ba ni, Dobrila. A babban moɗa."

Na dube shi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ruwa ya wuce maƙogwaron Kum Stanimir ba. Shi ne mai cewa ruwa na kwaɗi ne da masu wanki.

"Kum, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Tsufa ne, ƙishi ya yi yawa."

Ya shanye moɗa biyu, ya bi da rabin kankana. Itacen da aka kira shi ya faskara ko kallonsa bai yi ba. Can wajen ƙarfe takwas na ga Mama ta nufi bayan rumbun masara, wani abu ya tokare gaban atamfar da take ɗaurawa ta aiki. Kum ya miƙe, ya gyara bel, ya bi bayanta yana fito. Na ba su minti ɗaya, sannan na zagaya ta ɗaya gefen.

Mama na tsaye ta juya baya tana gadi, ta wajen da take zaton zan ɓullo. Kum na fuskantar bango, kwalbar a hannunsa na hagu.

"Sannu da aiki, Kum."

Saura kaɗan ya saki kwalbar. "Wayyo Allah! Dobrila, ke wace irin mai gadi ce? Juya, yarinya, juya, ba ki da kunya?"

Na juya, amma ban matsa ba. Na ji shi yana kokawa da maɓallai yana zagin wando.

"Sau biyun duka kai ne?"

"Ba duka ba," in ji Mama da sauri. "Na babanki na ciki. Cikawa kawai aka yi."

"Nasa nawa ne?"

Ta nuna da yatsu biyu a kwance. Ta ga fuskata, sai ta ɗaga murya. "To me kike so in yi? In shiga bas da wannan ƙatuwar kwalba, ɗan abu na lilo a gindinta, matan ƙauye duka suna leƙe? Shekara ashirin da shida ina gidan nan, kwalba ba ta taɓa fita daga ƙofata ba sai a cike har wuya. Ko farantin maƙwabta ban taɓa mayarwa wayam ba. Sai ta mijina?"

"Mama, wannan ba ayvar ba ne."

"Na san ba ayvar ba ne! Da na kai musu yatsu biyu, da sun riƙe shi kamar yadda suka riƙe Radoje."

Kum ya gama da maɓallansa, ya dawo da ƙarfin hali. "Ni an roƙe ni ne, 'yata. Matar Kum ɗinka ta roƙe ka abu, ka ce a'a? Da jini ta nema ma da na bayar." Ya yi gyaran murya. "Amma tsakani da Allah, da gaske likita ta ce kamar na ɗan shekara talatin?"

"Da gaske. An rubuta a takardar Baba. Saboda kai aka hana shi gwajin jini wata huɗu."

Murmushin ya gudu daga fuskarsa. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganin ta, ya ajiye a ƙasa a hankali.

Baba na zaune a benci yana wasa lauje. Bai tambayi dalilin hayaniyar ba, shi ya sa na gane da saninsa aka yi. Na tsaya a gabansa.

"Ɗana," ya ce. Haka yake kirana in yana so in sauko, kamar yadda iyaye maza ke kiran 'ya'yansu mata a wajenmu. "Kin yi karatu, mun gode. Koma wa jariranki."

"Sai na ga naka na gaskiya, na yini da kwana."

"'Ya ba ta riƙe wa ubanta wannan abin."

"Na riƙe wa iyayen wasu. Naka bai fi nasu ba."

Ya ci gaba da wasa laujen. "Ubana a gadonsa ya mutu, taga a buɗe, yana jin kukan shanunsa. Radoje kuma a tsakanin wayoyi, ba wanda ya san sunansa. Masara na tsaye a gona. Ba inda za ni."

Nan na yi abin da har yau ban san ko daidai ne ba. Na san Baba ba ya jin roƙo, amma bai taɓa gudun caca ba, ko ta kokawa ko ta nauyin alade.

"To mu yi yarjejeniya. Daga ƙarfe tara na yau zuwa tara na gobe. In ka kai rabin lita, rabi kawai, zan koma gari, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ba ka kai ba, ka bi ni."

Ya ɗago. "Rabin lita? Kwalbar giya ɗaya?"

"Ɗaya."

"Stanimir, ka ji? Kai ne shaida." Ya tofa a tafi ya miƙo min. Na kama.

Na zaɓi sabuwar kwalba daga teburin Mama, na ɗauraye ta da tafasasshen ruwa. Da fidar jarirai da ke jakata na riƙa zuba ruwa ɗari ɗari, ina ja mata layi da jan farce, layi na biyar na yi shi da kauri. Na sa Baba ya je ya zubar da na farko a makewayi, don ƙa'ida ce, daga nan lissafi ke farawa. Sannan na ɗaura wa wuyan kwalbar igiya, na ɗaura ɗaya bakin a ƙuguna.

Ƙarfe goma mata suka taru wajen ɓare tattasai. Goggo Stamena, ƙanwar Baba, ita ta fara gani.

"Wannan kuma fa? Akuya kika saya?"

Mama ta yi kamar ba ta ji ba. Kum ne ya kasa riƙe bakinsa, kafin a cika kwano ɗaya labari ya gama zagaya da'irar.

"Oh, Miladin ya huta," in ji Goggo Stamena. "Wasu sun tura 'ya'yansu makaranta sun dawo malamai, tamu ta dawo mai gadin fitsari."

"Da albashi, Goggo."

"Wa zai aure ki da wannan a ƙugu?"

"Wanda ƙodarsa ke aiki. Zan auna tukuna."

Suka fashe da dariya, har da masu jin haushina. Na zauna a kujerata, kwalba tsakanin ƙafafuna, ina ɓare tattasai mai zafi har yatsuna suka yi ja suka fara saɓulewa. Duk wadda ta tashi ɗauko gishiri sai ta leƙa kwalbar ta ce, "Har yanzu shiru?" Ina amsa mata, "Har yanzu." Ba wadda na sunkuyar wa kai. Ni kaɗai ce a tsakar gidan nan na san abin da layukan suke nufi, kuma dariyarsu ba za ta ƙara ko ɗigo ɗaya a ciki ba.

Abin da ban hango ba shi ne yadda Baba zai nemi cin cacar. Manomi ne. A saninsa, in kana so ruwa ya fita ta ƙarshen kwata, sai ka zuba da yawa ta farkonta. Na hango shi a bakin rijiya, moɗa a baki. Na ruga, kwalba na dukan cinyata.

"Baba, ajiye! Ba haka ake yi ba. Ka sha yadda ka saba."

"Ba ya cikin yarjejeniya."

"Ruwan ba zai fita ba. A jikinka zai zauna."

"Stanimir! An ce kar in sha ruwa?"

Kum ya sosa ƙeya. "Gaskiya ba a faɗa ba. Amma Kum, ka ji maganar yarinyar."

"Kai ma ka koma wajenta?"

Na kifar da gugan. Ya sake jefa shi. Na ɓoye moɗar, ya sha da tafin hannu. Mama ta dafa masa shayin gashin masara, wanda tsofaffi ke cewa yana kora fitsari, na zubar da tukunyar a kan idonta, ta dafa wata a gidan Goggo. Da na ga ba zan iya hana su ba, sai na ciro fensir na fara rubuta duk abin da ya shiga, a bayan kalandar kicin. Moɗa ɗaya, ɗari huɗu. Kofin shayi, ɗari biyu. Kankana, na ƙiyasta.

Bayan azahar ya saɓa lauje ya nufi gona. Na bi shi. Ya juyo.

"Har nan?"

"Har nan. Ko ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa, kai ka yi asara."

Yana yankan karan masara ina tafe a baya ina ɗaurewa, igiya na goge min ƙugu, ganyen masara na yankar min hannu a kan ƙunar tattasai. Da can Baba kan gama layi uku kafin in gama ɗaya. Ran nan kowane taku ashirin sai ya tsaya ya dafa gwiwa, yana yi kamar yana duba zangarniya. Wajen ƙarfe huɗu ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na kwance igiyar na ba shi, na juya baya. Na daɗe ina kallon kogi. Da ya dawo min da ita, ruwan ya ɗan haura layi na farko, launinsa fari-fari kamar an surka.

"Somin taɓi ne," in ji shi. "Da dare yake zuwa."

Kafin magariba ya ƙara sau ɗaya. Layi na biyu bai cika ba. A bayan kalanda kuwa abin da ya shiga ya haura lita uku. Na nuna wa Mama, ta ce ita ba ta karanta rubutun likitoci. Ta ajiye min abinci a bakin murhu ba ta kira sunana ba. Na shimfiɗa bargo a ƙofar ɗakinsu na kwanta, kwalbar a gefena.

Da gari ya waye na tarar da shi zaune a bakin gado, ya jingina da bango. Ya kasa kwanciya, in ya kwanta numfashi ba ya isarsa. Fatar idonsa ta kumbura, kowane numfashi yana fita da ɗan ƙara kamar ana taka busasshiyar ciyawa. Na danna yatsa a ƙaurinsa, ramin ya zauna bai cike ba. Ni na kawo cacar nan. Amma ba lokacin nadama ba ne, sai na ce masa mu tafi yanzu, ba sai tara ta yi ba.

"Tara aka ce."

"Baba, ruwan ya hau ƙirjinka."

"Tara aka ce, Biserka."

Na aika a kira Kum, na ce ya ɗauro keken shanu a taraktarsa ya zo ya tsaya a ƙofa, da ɗan man da yake ɓoye don huɗar kaka. Ya zo ba musu. Muka zauna mu huɗu a kicin, kwalba a tsakiyar tebur, agogon bango na tafiya. Ban taɓa jin awa biyu masu tsawon waɗannan ba. Ina ƙirga numfashinsa a zuci, na kuma yanke cewa in ya haura talatin a minti, ni da Kum za mu ɗauke shi ko yana zagi. Ya tsaya a ashirin da takwas.

Tara saura kwata ya ɗauki kwalbar ya shiga ɗaki. Ya daɗe. Ya fito ya ajiye ta a tebur da kansa. Na durƙusa har idona ya yi daidai da layin.

"Ɗari uku da hamsin."

"Girgiza ta," in ji Mama. "Kumfa ma ai lissafi ne."

Baba ya ce in kawo kalandar. Ya sa tabarau, ya bi lambobin da yatsa, ya haɗa da kansa, leɓensa na motsi. Sannan ya dubi kwalbar.

"Uku da ɗari biyu suka shiga."

"E."

"Wannan ne ya fita."

"E. Ka cire na gumi da na numfashi, ka ce rabin lita ko fiye kaɗan."

"Sauran fa?"

Na nuna ƙafarsa, na nuna ƙirjinsa. Ya san gonar bakin kogi da ruwa ke kwanciya a cikinta, ya san abin da ke samun saiwar masara a irin wannan wuri. Ban buƙaci ƙara masa ko kalma ba.

"Dobrila, kawo takalmana."

Ta kawo na zuwa coci. Ba su shiga ba. Ta kawo na roba na gona, su ma suka ƙi. Ta durƙusa tana turawa tana kuka tana zagin mai takalmi, har Baba ya dafa kanta.

"Bar shi, mata. Kawo silifa."

A ƙofa ta tare ni da tawul ɗinta mai ado. "Aƙalla ki rufe ta."

"A'a."

"Biserka, mutane na kan hanya."

"Su gani. Rabinsu ma su ya kamata su riƙo tasu."

Haka muka ratsa ƙauyen. Kum a gaba yana tuƙi, Baba zaune a kan damin ciyawa da kwat ɗinsa na coci da silifa, ni a gefensa, kwalba a cinya, jan layukanta na sheƙi a rana. A gaban kanti maza suka ɗaga hula. Goggo Stamena ta fito ƙofa, hannunta duk jan tattasai, ta buɗe baki, ta ga fuskar yayanta, ta rufe. Na zauna a miƙe har muka wuce gida na ƙarshe.

Kilomita goma sha tara ne zuwa gari, tarakta ta ci su a awa ɗaya da rabi. Ban bi layi ba. Na wuce kai tsaye ofishin Likita Persida, na ajiye kwalbar a teburinta, na ajiye kalandar a gefe.

"Ta wa?"

"Ta babana. Ta gaskiya. Biyun farko na wannan ne." Na nuna Kum, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne ɗan shekara talatin ɗin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Da ina da lokaci da na sa an kulle ka." Ta riga ta miƙe, abin sauraren ƙirji a kunne. Ta ɗora a bayan Baba, ta saurara sau biyu, ta kira a ɗebi jini yanzu yanzu, ta ce a share kujera ta huɗu ko da wa ke jiranta. "Malam Miladin, cire kwat. Yau ba za ka koma gida ba."

Baba ya cire a hankali, ya ninke, ya miƙa min. Ya kira Kum da yatsa.

"Gonar bakin kogi za ka fara yankewa, kafin ruwan sama. Kar ka bari Stamena ta taɓa min lauje, ta iya dakusar da ƙarfe da kallo kawai." Ya juyo gare ni. "Ke kuma. Za ki shiga tare da ni, ko aikinki ya ƙare a kwalba?"

"Zan shiga."

"To ki gaya musu sunana."

Na gaya musu. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe na manna a jikin kujerar, na tsaya a kansa awa huɗu ana cire masa ruwan da na sa ya sha. Da aka gama ya yi barci a kwance, bakinsa a buɗe.

Shekara bakwai Baba ya yi yana zuwa ɗakin na'ura, Litinin, Laraba da Juma'a, kuma ya yanki masara a shida daga cikinsu. Mama ba ta yi min magana ba har bikin Waliyyi Nikola, kusan wata uku, sai dai ta aiko min da ayvar ta hannun direban bas ba tare da wasiƙa ba. Ta jira in zo in ba ta haƙuri kan abin da na yi mata a gaban mata. Na je bikin, na sumbaci hannunta, na wanke kwanuka har suka ƙare. Haƙuri kam ban bayar ba.